Atisayen keke tsakanin tsere biyu

Ka ce kusan kowace Lahadi kana shiga tseren keke, kana tambaya ko za ka ci gaba da atisaye mai zafi a tsakani. Ci gaba, amma sau ɗaya a mako ya isa, don tseren kansa ya riga ya gasa maka jiki.

Ran Litinin ka hau minti 45 zuwa awa ɗaya, a giya mai laushi, a shimfiɗaɗɗiyar hanya. In ba ka iya hira sai da haki, ka wuce gona da iri. Nan yawancinmu ke faɗuwa: wani ya zo ya wuce ka, zuciya ta ɗebe ka, ka bi shi. Ƙyale shi ya tafi abinsa.

Laraba ce ranar wuta. Ɗumama jiki minti 15, ka taka da ƙarfi minti 4, ka sassauta minti 3, har sau huɗu. Ni dai in ƙafa ta yi nauyi tun zagaye na biyu, gida nake juyawa.

Riƙa duba bugun zuciyarka da asuba kafin ka sauko daga gado. In ya haura yadda ka saba, ɗaga atisayen zuwa Alhamis. Asabar kuwa ɗan zagaye kawai.