Mary Warren muguwa ce ko matsoraciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos. Za mu yi wasan The Crucible na Arthur Miller, an ba ni in fito a Mary Warren. Na kasa gane ta: ta je kotu don ta faɗi gaskiya, sai ta juya ta yi wa ubangidanta sharri. In nuna ta muguwa kamar Abigail?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki yi ta muguwa, in kin yi haka kin ɓata wasan.

An fara nuna wasan ne a 1953, a kan abin da ya faru a garin Salem na Amurka a 1692, inda aka rataye mutum 19 bisa zargin maita. Ki fara riƙe yadda kotun take: wanda ya amsa cewa shi maye ne ya tsira da ransa, wanda ya dage ba shi da laifi sai igiya. Baiwar nan Tituba ce ta fara gane haka, da aka yi mata barazanar bulala da rataya, ta amsa laifin da ba ta yi ba.

Abigail ma tsoro ne ya fara sa ta ƙarya, kada a hukunta ta kan rawar da ita da sauran 'yan matan garin suka yi a daji. Amma ita ta ɗanɗana ta ji daɗi. Marainiya, 'yar aikin da aka kora, yau in ta nuna yatsa dattawan gari na karkarwa, ga kuma hanyar kawar da Elizabeth don ta samu mijinta John Proctor, wato ubangidan Mary. Mary ba ta da irin wannan buri ko kaɗan. Duk wanda ya fi tsawa a ɗakin shi take bi.

Ki karanta kashi na uku a tsanake, nan ne aikinki yake. An ce Mary ta sume kamar yadda take yi a da, don ta nuna cewa suman nasu ƙarya ne, ta kasa. Sannan a gabanta Elizabeth, matar da mijinta ya rantse ba ta taɓa ƙarya ba, ta musanta zinarsa da Abigail, wadda shi ya riga ya amsa a kotu, don ta rufa masa asiri, kuma wannan ƙarya ta ƙauna ce ta rusa shaidarsa. Wallahi duk wasan babu inda ya fi taɓa ni kamar nan. Sai Abigail ta ɗaga kai sama tana ihun ta ga tsuntsu, 'yan matan suna maimaita duk kalmar da Mary ta furta, alƙali Danforth kuma yana ambata mata rataya. Mu ma mun san irinsa: yarinya ta faɗi tana sambatu ta kira sunan wata tsohuwa, a ce ta kama mata kurwa, wanda ya kare tsohuwar a ce bakinsu ɗaya.

Don haka ki shigo da tsoron tun daga kashi na farko, inda Abigail ta yi wa 'yan matan kashedi. A kotu, ko alƙali ne ke tambayarki, idonki ya riƙa satar kallon Abigail. Muryarki ta riƙa ƙanƙancewa, hannunki na murza bakin riga. In kin zo nuna Proctor, ki yi shi cikin kuka, ba tare da kin iya haɗa ido da shi ba.