Hannun Baba Kirsimeti na karkarwa, Arduino na mutuwa yana tashi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haɗa mutum-mutumin Baba Kirsimeti da zan kafa a ƙofar shago, ya riƙa ɗaga wa mutane hannu. Na sa Arduino Uno, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, da injin servo samfurin MG996R, wato ɗan injin da zai riƙa juya hannun, wutarsu duka daga kebul ɗin USB. Kafin in ɗaura hannun, lafiya lau yake juyawa. Ina ɗaurawa sai karkarwa, Arduino ya mutu ya tashi, wani sa'in kuma servo ɗin ya tsaya yana gurnani har ya ɗau zafi. Ko umarnin da na rubuta masa ne ba daidai ba? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Barka kadai. Ƙyale umarnin tukuna, yunwar wuta ce ke damun ka. Uno ba ya barin abin da ya wuce rabin amp ya shigo ta USB, shi kuwa MG996R idan kaya ya danne shi yakan ja kusan amp 2.5. Da ya yunƙura sai ya kwashe wutar, Arduino ya suma, ya farfaɗo, ya faro aikin daga farko. Karkarwar ke nan.

Ka ba servo wutarsa daban. Nemi caja ko adafta mai volt 5, amp 3. Jar wayar servo ta tafi ga ƙafar caja mai alamar +, mai ruwan ƙasa ta tafi ga mai alamar −, mai ruwan lemo ita kaɗai za ta je ƙafa ta 9 a Arduino. Sai abin da kusan kowa ke mantawa: ka ja wata waya daga − na cajar zuwa GND, wato ƙafar − ta Arduino. In babu ita, saƙon Arduino ba ya isa servo daidai, hannun zai yi ta fizge-fizge ko da wuta ta wadata. Ka kuma maƙala kafasita mai 1000µF, wato ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta lokacin buƙata, tsakanin + da − dab da servo, gajeriyar ƙafarta a ɓangaren −, don in ka juya ta tana iya fashewa. Batirin nan mai kusurwa huɗu na volt 9, kar ma ka gwada shi.

Gurnani da zafi kuwa na nufin ana tura shi inda ba zai kai ba. Ko dai hannun ya tokare da riga ko katako, ko ka ce ya je digiri 0 ko 180, inda yake cin karo da ƙarshen zangonsa. Tsaya tsakanin 30 da 150. Kuma kar ka ce ya yi tsalle ɗaya. Digiri ɗaya-ɗaya, da hutun milisakan 20 a tsakani, ya fi kama da gaisuwar mutum, haƙoran giyar da ke cikin servo ma sun fi daɗewa.

Sai nauyi. Ƙarfin da aka rubuta wa wannan servo a volt 4.8 shi ne kilo 9.4 a nisan santimita ɗaya daga sandar da ke juyawa, kuma wannan iyakarsa ce, inda yake tsayawa cak. Yi lissafi: safar hannu da ƙararrawa masu giram 200 a ƙarshen hannu mai santimita 30 sun cinye 6 daga cikin 9.4, ba a ma sa nauyin hannun kansa da rigar ba. Ni dai ba na son a wuce rabi. In hannun na katako ne, cire shi, ka sa siririn bututun roba na wayarin da soso, ko ka rataya ɗan ƙarfe a bayan kafaɗa ya daidaita nauyin.

Gwajin da zai nuna maka an dace: kashe wuta, ka ɗaga hannun zuwa tsakiya ka sake shi. In ya faɗo da sauri, har yanzu ya yi nauyi.