Wace hanya ce ta fi wajen lissafin ruwan da gona ke asara a yini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni nake kula da ban ruwa a wata gona. Ƙaramar tashar yanayinmu ba ta auna komai sai matsanancin zafi da matsanancin sanyi na kowace rana. Na yi lissafin ET0 da hanyoyi biyu, amsoshin suka sha bamban. Wacce zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bambancin da ka gani ba kuskurenka ba ne, domin kowace hanya da irin yanayin da aka gina ta a kai.

ET0 shi ne ruwan da zai tashi sama a yini daga filin ciyawa mai tsayin santimita 12 wanda bai rasa ruwa ba, wato wanda ke ƙafewa daga ƙasa haɗe da wanda ganye ke fitarwa. Ana ninka shi da lambar kowace shuka, Kc, a san abin da take bukata. Kada ka raina kuskuren milimita 1 a yini: mita kubik 10 ne a kowace hekta. A hekta 10, cikin kwana 100, ya zama mita kubik 10,000.

Ma'aunin da ake gwada saura da shi shi ne Penman-Monteith, yadda FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tsara shi a 1998. Ya haɗa abubuwa huɗun da ke shanye ruwa: hasken rana, zafi, danshin iska, da gudun iska a tsayin mita 2. Shi ya sa yake aiki kusan ko'ina. Amma idan ƙura ta rufe na'urar auna haske, ko bango ya tare wa ta iska hanya, zai ba ka amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba.

Hargreaves-Samani, ta 1985, ita ce ta yi daidai da abin da ke hannunka. Dabararta tana burge ni: ranar da sama ta washe, zafi kan tashi da rana, sanyi ya sauka da dare, ranar hadari kuwa tazarar da ke tsakaninsu kan ragu. Sai ta ɗauki wannan tazara ta kimanta haske da ita. Sai dai ba ta san da iska ba. Inda iska ta wuce mita 3 a daƙiƙa amsar wannan hanya takan yi ƙasa da gaskiya, inda danshi ya yi yawa kuma ta zarce.

Priestley-Taylor, ta 1972, haske ta dogara da shi, da wata tsayayyar lamba, 1.26. Tana da kyau a wuri mai danshi, amma a gonar da busasshiyar ƙasa ta kewaye, inda iska mai zafi ke ratsowa, takan gaza. Thornthwaite da Blaney-Criddle kuwa na lissafin wata-wata ne, ka bar su idan tsarin ban ruwan mako kake yi.

Da ni ne kai, Penman-Monteith ɗin zan yi duk da haka, in cike giɓi yadda FAO ta nuna. A kimanta haske daga tazarar zafi da sanyi, don sanin danshin iska a ɗauki mafi ƙarancin zafin dare a matsayin zafin da raɓa ke sauka (a busasshen wuri a rage digiri 2 zuwa 3), iska kuma a aro ta tasha mafi kusa, in babu a sa mita 2 a daƙiƙa. Da irin wannan ciko, jimlar mako ko ta kwana goma ta fi lissafin yini guda abin dogaro.

In akwai cikakkiyar tasha a yankinku, nemi bayananta na shekara guda ko biyu, ka yi lissafi da Penman-Monteith da kuma Hargreaves, ka ga watannin da Hargreaves ke kaucewa da yawan kaucewar, ka gyara taka da shi. Idan kuma kuɗin na'ura ɗaya tak ya samu, ta auna iska zan fara saya.