Me ya sa launin hotunana ke koɗewa bayan na tura su?

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoton biki da hawan salla ne a cikin garin Sakkwato. An ce mini Adobe RGB ya fi sRGB, sai na sauya saitin kyamarata. Tun daga nan hoto yakan yi kyau a kwamfutata, amma idan na tura wa mai shi ko na kai wanki, sai koriyar shadda ta fito a koɗe. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, kyamararka lafiyarta ƙalau, kuma wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, rabin zancen kawai ya faɗa maka.

Kowane ɗigo a hoton dijital lambobi uku ne, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kuma a JPEG kowacce tana tsakanin 0 da 255. Lambobin nan su kaɗai ba su bayyana launi, kamar yadda "mudu uku" ba ya nuna yawan gero sai an san mudun da aka auna da shi. Farfajiyar launi, irin su sRGB da Adobe RGB, ita ce mudun. Kamfanonin HP da Microsoft ne suka fito da sRGB a 1996, kuma a kanta aka gina intanet da yawancin injinan wankin hoto. Adobe RGB, wadda ta zo a 1998, ta fi ta faɗi, musamman wajen kore da shuɗi mai ratsin kore, shi ya sa koren da ya cika fal a sRGB, idan aka rubuta shi a Adobe RGB, lambobinsa na ja da shuɗi sukan tashi sama da sifili. Idan manhaja ko injin wanki ya karanta waɗannan lambobin da ma'aunin sRGB, dole shaddar ta dushe, fatar amarya ma ta yi fari-fari.

Abin da ke hana wannan ruɗani shi ne bayanin launi na ICC, wanda ake cusawa cikin fayil don ya faɗi ma'aunin da aka yi amfani da shi. Photoshop yana karanta shi, dalilin da ya sa kake ganin hoton daidai ke nan. Wasu manhajojin kuwa ba su kula shi, wasu ma sukan cire shi sa'ad da suke matse hoto.

Shawarata ita ce ka raba wurin aiki da wurin miƙa kaya. Idan da RAW kake ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, saitin kyamara bai shafi ainihin fayil ɗin ba, JPEG kaɗai yake shafa. Ka yi gyaranka a farfajiya mai faɗi, Adobe RGB ko ProPhoto RGB ta kamfanin Kodak, amma ita ProPhoto kada ka kusance ta sai da bit 16, wato fayil mai matakan launi fiye da na JPEG nesa ba kusa ba, domin matakai 256 (0 zuwa 255) sun yi mata kaɗan, kuma sararin sama ne zai fara tona asiri da layi-layi. Idan ka gama, ka fitar da kwafi a sRGB tare da bayanin launinsa. A Photoshop umarnin Convert to Profile za ka bi, wanda ke sauya lambobi ya riƙe launi. Assign Profile yana barin lambobin ne ya sauya launin, kuma nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Wanda kuwa yake miƙa JPEG kai tsaye daga kyamara, ban ga abin da zai kai shi Adobe RGB ba.

Saura allonka. Hasken ranar Sakkwato yakan sa mutum ya ƙure hasken allo, sai ya riƙa rage hasken hoto bai sani ba, a wanke ya fito da duhu. Ka saki labule, ka daidaita allon da na'urar auna launi a kan fari na 6500K, wato fari irin na hasken rana, da ƙarfin haske wajen kandela 100 zuwa 120 a kowace murabba'in mita, sannan ka tambayi mai wanki farfajiyar da injinsa ke karɓa, ka gwada hoto ɗaya kafin ka ba shi na bikin gaba ɗaya.