Kwana huɗu a Mambilla zai isa kuwa?

Malam, ka ce kuna da kwana huɗu, kuna so ku zaga tudun Mambilla da ke jihar Taraba har ku taka dutsen Chappal Waddi. Gaskiya dutsen nan ku cire shi a lissafi, tsayinsa mita 2,419 ne, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, tafiyar ƙafa ce ta kwanaki kuma sai da ɗan jagora.

Ni da nine, zan bar Jalingo da asuba, in bi ta Bali in kwana a Serti, washegari in hau tudun ta Mayo Selbe da rana tsaka, don hawan nan kwana-kwana ne kamar maciji ga hazo, kada ku yarda ku yi shi da dare, kuma a duba birki tun a ƙasa. Kwana biyu a Gembu, babban garin da ke kan tudun, ya wadatar, ku leƙa gonar shayi ta Kakara wajen Nguroje, ga shanu birjik a kan tuddai kore shar.

Rigar sanyi dole ce fa, da safe ruwan alwala sai ka ji kamar ƙanƙara. Ku riƙe tsabar kuɗi a aljihu, sabis na yawan ɗaukewa. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, damina tana ɓata hanya.