Likita, Me Ya Sa Ɓacin Rai Ke Daɗewa a Jikin Dattijo?

Tambaya: Salam likita, shekarata 64. Da can in aka ɓata min rai kafin yamma na manta, yanzu kuwa abu kaɗan sai in kwana ido biyu, jiki duk ba daɗi. Tsufa ne ko ciwo?

Amsa: Wa'alaikumus salam Baba. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirenal, ita ke zuba sinadarin kotizol cikin jini duk sanda hankali ya tashi. Ƙwaƙwalwa ce ke ba ta umarni, kuma ita ce ke taka birki in ta ji ya isa, to wannan birkin ne ke yin sanyi da shekaru, sai kotizol ɗin ya hau ya ƙi saukowa da wuri. Asali da safe yake yawa, kamar minti 30 bayan farkawa, tsakar dare kuma ya yi ƙasa sosai, amma a jikin dattawa da yawa ba ya sauka yadda ya kamata da daddare, shi ya sa barcin ke yankewa. In abin ya daɗe yana taɓa suga da hawan jini har da ƙarfin ƙashi, don haka a je a auna suga da hawan jinin. Tafiya a ƙafa da rana da kwanciya lokaci ɗaya kullum na taimakawa fiye da yadda mutane ke zato.

Tambaya: Likita mahaifiyata in ta miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ta, shekarunta 72.

Amsa: 'Yar'uwa, sinadarin noradirenalin, wanda ke sa zuciya ƙara gudu, ba raguwa yake da tsufa ba, ƙaruwa ma yake a jini, zuciyar ce ba ta amsa kiransa da sauri kamar da. Ki ce Mama ta riƙa zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ta tashi. A kai magungunanta likita ya duba, na hawan jini da na sa fitsari kan jawo haka.

Tambaya: Na yi wata biyar ina shan prednisolone saboda ciwon gaɓoɓi, fuskata ta kumbura, in daina?

Amsa: Dan Allah Malam kar ka daina rana ɗaya. Maganin nan aikin kotizol yake yi, in an daɗe ana sha adirenal ɗin kan rage yin nata, ka yanke shi farat ɗaya jini na iya faɗuwa har mutum ya suma. Likita ne zai rage maka a hankali.

Tambaya: Ƙwayar DHEA da ake talla a intanet na dawo da ƙuruciya?

Amsa: Gaskiya ne DHEA, wani sinadari da adirenal ke yi, yana raguwa sosai bayan an wuce shekara 30, amma shan ƙwayar bai nuna yana mayar da tsoho yaro ba. Ajiye kuɗinka.