Na Sayi Ƙaramar Bindiga Saboda Masu Fasa Mini Mota, Mene Ne Hukuncinta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni Bakano ne mazaunin Houston a jihar Texas ta Amurka. Ina da takardar zama ta dindindin, sana'ata tuƙin tasi na manhaja. Ɓarayi sun addabe mu a inda muke haya, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ana fasa mini gilashin mota da dare, kuma motar nan ita ce hanyar abincina. Shi ya sa na sayi ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 ta intanet. Za a kai ta shagon dillali mai lasisi, in je in cika takardu in karɓa. Gaskiya Malam na ƙagu ta iso, ko barcin kirki ba na yi, kullum ina kallon bidiyon yadda ake kwance ta da haɗa ta. Ina da mata da yara biyu, babban shekararsa 5. Shin halal ne in mallake ta? Zan iya shiga masallaci in yi salla tana jikina? Sannan wani abokina mai karatu ya ce in na leƙo ta taga na ga ɓarawo a jikin motata, in sauka in harbe shi babu komai a kaina, domin hadisi ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, kuma dokar Texas ma ta yarda.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare ka da iyalinka, ya mayar maka da abin da ka yi asara.

Mallakar makami halal ne, koyon harbi kuma abin so ne a shari'a. Tunda kana da takardar zama ta dindindin, ka kuma bi ta hannun dillali mai lasisi da binciken da hukumar bincike ta tarayya, FBI, ke yi wa mai saye, ba ka ci amanar ƙasar da ta ba ka masauki ba. Ka cika takardar da gaskiyarka kawai. In wani ɗan'uwa mai bizar karatu ko ta ziyara ya roƙe ka ka saya masa da sunanka, ka ƙi: ƙarya ce a addini, babban laifi ne a dokar tarayya, kuma laifin bindiga yana iya raba ka da takardarka a mayar da kai gida.

Damuwata tana kan maganar abokinka. Ka dubi inda kake da inda ɓarawon yake. Kana sama cikin ɗaki, ƙofa a kulle, iyalinka suna barci lafiya. Shi yana ƙasa a jikin mota, bai ma san kana kallonsa ba. Ba ranka yake nema ba, ba mutuncin matarka ba. Kai ne za ka buɗe ƙofar da ke kare 'ya'yanka ka sauka ka same shi. A wannan siffa bai halatta ka harbe shi ba, kuma abin da abokinka ya faɗa kuskure ne mai haɗari, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Hadisin da ya kawo ingantacce ne, amma yana magana ne a kan ladan wanda aka kashe, ba izinin fara kisa yake bayarwa ba. Yadda ake kare dukiyar ya zo a wata ruwaya ta Muslim daga Abu Huraira. Mutumin ya ce, in wani ya zo zai ƙwace dukiyata fa? Annabi (SAW) ya ce kada ka ba shi. Ya ce in ya yaƙe ni fa? A nan ne aka ce ka yaƙe shi. Faɗa bai zo ba sai bayan azzalumin ya fara. Ruwayar Nasa'i ta ƙara fito da matakan fili: ka tuna masa Allah, in ya ƙi ka nemi taimakon waɗanda ke kusa da kai, in babu ka nemi hukuma, sai in hukuma ta yi maka nisa sannan ka yi faɗa. Kai kuwa hukuma tana cikin wayarka, lamba uku ce, 911.

A kan haka malamai suka gina babin tunkuɗe mai kawo farmaki. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil ya halatta tunkuɗe shi ko da a kan dukiya ne, amma bayan an yi masa gargaɗi in mai hankali ne, kuma ba a nufin kashe shi sai an tabbata babu abin da zai kore shi sai kisan. Ya ƙara da cewa ko rauni ba za ka yi masa ba in kana iya kauce masa ba tare da wahala ba. Wasu malamanmu ma sun ce in abin da ake nema kaɗan ne, kamar tufa ko abinci, a miƙa, kada a zubar da jini a kansa. Kare dukiya a wurin mafi yawan malamai halal ne, ba wajibi ba. Wanda ya bar gilashin mota ya tafi don kada rai ya salwanta bai yi ragwanta ba, bai kuma yi zunubi ba.

Na san abin da abokinka zai iya kawowa in ya zurfafa bincike. Malaman Hanafiyya sun ce wanda ɓarawo ya shigar masa gida da dare ya fita da kaya, ya bi shi ya kashe, babu komai a kansa. Haka ne, sun faɗa. Amma su da kansu suka sa sharaɗi: in mai gidan ya san da ya yi ihu ɓarawon zai yar da kayan ya gudu, amma duk da haka ya kashe shi, to kisasi ya hau kansa. Masu fasa gilashin mota kuwa, yawancinsu da ƙarar mota ta tashi ko fitila ta kunnu sai ka ga ƙurarsu. Ko a kan ra'ayi mafi sassauci ba ka da hujja, domin matakan da ke ƙasa da harsashi duk suna hannunka ba ka taɓa ko ɗaya ba.

Batun dokar Texas kuwa, gaskiya ne tana daga mafi sassauci a Amurka. Sashe na 9.42 na kundin laifuffukanta ya buɗe ƙofar amfani da ƙarfin da ke kisa a kan satar dare, da nasa sharuɗɗan, kuma tun 2007 aka faɗaɗa dokar da ke cewa ba dole ne mutum ya ja da baya ba. Amma rashin tuhuma a kotu ba shi ne halacci a wurin Allah ba. Jihar da ta halatta giya da kuɗin ruwa ba ta halatta maka su ba, to jini ya fi su girma. A Nuwamban 2007 wani dattijo a Pasadena, nan kusa da ku, ya ga mutum biyu suna fasa gidan maƙwabcinsa. Jami'in 911 ya yi ta roƙonsa kada ya fita, yana ce masa babu dukiyar da ta kai a harbe mutum a kanta. Ya fita, ya kashe su duka biyun, a 2008 aka ƙi gurfanar da shi. Dokar jiha ta sallame shi. Da Musulmi ne ya kawo mini wannan labari a kansa, zan ce masa ya ji tsoron haɗuwarsa da Allah, domin an ba shi hanyar da ba jini a cikinta ya ƙi bi.

Kada kuma wani ya raɗa maka cewa ai ɓarawon ba Musulmi ba ne. Ka shiga ƙasar nan da alkawarin aminci, jinin mutanenta haramun ne a kanka, kuma ka san gargaɗin da ya zo kan wanda ya kashe ma'abocin alkawari, cewa ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Ɓarawo ma a shari'a ba kisa ne hukuncinsa ba, kuma ba wanda aka yi wa sata ne ke zartarwa ba. Ga duhu. Wanda ka hango yana iya zama maƙwabcin da ya ɓata motarsa da taka, ko yaro ɗan shekara 15. Gidajen hayar can bangonsu allo ne, harsashin 9mm irin na bindigarka yana huda shi ya wuce, kuma a bayan kowane bango akwai mai barci. Sannan ba ka san abin da ke ƙugun ɓarawon ba. A Maris na 2022 wani jami'in tsaro na gundumar Harris da Houston ke ciki, mai horo da makami, ya tarar da ɓarayi a ƙarƙashin motarsa a gaban kantin sayayya, ya tunkare su, suka harbe shi ya rasu.

Abin da za ka yi shi ne ka danna ƙarar motar daga ɗaki, ka kunna fitila, ka yi magana ta taga in ka ga ba haɗari, ka ɗauki bidiyo, ka kira 'yan sanda. Ka daina barin komai a kan kujera. Ku haɗu da sauran 'yan haya ku matsa wa masu gidan su sa kyamara da haske.

Inda bindigar ke da aiki shi ne in an ɓalle ƙofarka an shigo, ko an zaro maka makami, ko an nufi matarka da 'ya'yanka. Nan babu saɓani, kare iyali wajibi ne. Ko a nan ɗin, da ya faɗi ko ya juya da gudu an gama, ba a ƙarasa mai rauni, ba a harbin baya.

Salla da bindiga a jiki ta inganta, ayar sallar tsoro ta isa hujja. Dokar Texas tun 2019 ta bar wa wuraren ibada zaɓi, don haka ka tambayi kwamitin masallacinku. In sun hana, haninsu ya hau kanka. In sun yarda, ta zauna cikin kube mai rufe kunama, a ɓoye ƙarƙashin rigar da ba ta zamewa a ruku'u da sujada. Annabi (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo, kuma tsoratar da Musulmi haramun ne. Kada ka cire ta ka ajiye a wurin alwala ko ma'ajiyar takalma. In ba za ka shiga da ita ba, ka bar ta a gida a kulle. Kada ka bar ta a motar da ka riga ka san ana fasawa, don kada ka miƙa wa ɓarawon makamin da zai kashe wani da shi. Ka kuma duba yarjejeniyar aikinka: kamfanin tasin manhaja na Uber ya hana direbobi ɗaukar bindiga lokacin aiki, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya sa wa hannu.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, ɗan'uwana. Ɗokin nan da ya hana ka barci ba zunubi ba ne, amma ina jin tsoronsa. Mai ɗoki yana yawan ɗauko abu yana jujjuyawa, yana son a gani, kuma a kwanakin farko hannu bai saba ba. Irin wadda ka saya ba ta da maɓallin kulle na gefe da ake turawa da babban yatsa. In akwai harsashi a ɗane aka ja kunama, ta tashi. Kuma ba a kwance ta sai an ja kunamar. Mutum zai zare gidan harsasai ya ajiye a kan tebur, zuciyarsa ta natsu cewa ba komai a ciki, alhali guda ɗaya ya riga ya hau. Don haka kowane lokaci ka zare gidan harsasan tukuna, ka ja saman bindigar baya ka kafe shi, ka leƙa da ido, ka taɓa da yatsa, harsasan kuma suna wani ɗaki daban. Bidiyo ba ya ganin inda yatsanka yake. Ka biya kuɗi ka shiga ajin mai koyarwa, ka riƙa zuwa filin koyon harbi. Texas ta daina tilasta lasisin yawo da ita tun 1 ga Satumba 2021, amma ina ba ka shawara ka yi kwas ɗin lasisin, ko don ka san wuraren da aka hana shiga da ita.

Abokai za su ce a nuna musu. Mala'iku suna tsine wa wanda ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ko uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma an hana miƙa takobi a zare. Kada ka ɗauki hoto da ita ka ɗora a WhatsApp. In wani ya ce yana da maganin bindiga a gwada a jikinsa, ka tashi daga wurin, an binne mutane da yawa a gida Najeriya kan wannan gwaji, kuma wanda ya ja kunamar ba ya kuɓuta don an ce masa ya ja. Kisan kuskure ma yana da diyya da azumin wata biyu a jere.

Ɗanka mai shekara 5 ya san duk inda kake ɓoye abu, kuma ya ga yadda idonka ke haske in kana kallon bidiyon nan. Ƙarƙashin matashi da saman kabad ba ma'ajiya ba ne. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka, kuma a Texas laifi ne barin ta a ɗane inda yaron da bai cika shekara 17 ba zai iya kai wa gare ta. Barin ta a sake a gidanka haramun ne, domin tozarta amana ne. Ka zauna da mai ɗakinka ku yi maganar kafin ta shigo gidan, ita ce ke wuni da yaran. Kada ta taɓa fitowa ana cikin saɓani, ko a gida ko a kan titi. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka su ne suka harbe kansu. Zaman baƙunci da bashi da aikin dare suna nauyaya zuciya, in ka ji ƙunci ya yi maka yawa, ka nemi hanyar da doka ta yarda ka nisanta ta daga gidan, ka yi magana da limaminku da likita.

In za ka zo gida hutu kada ka yi tunanin tahowa da ita. Dokar makamai ta Najeriya ta sa ƙananan bindigogi irin wannan cikin jerin haramtattu.

Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli ka ɗaure shi a wurinsa tun kafin ranar da za ka je shagon. In ba ka samu halin sayensa a wannan makon ba, ka roƙi dillalin ya riƙe maka bindigar har ka samu.

Wallahu a'alam.